Matankari: Dandalin da Ba Gwamnati ta Gina Ba

Idan aka gama yankan gero a ƙasar Arewa, aka ɗaure dammuna aka cika rumbuna, sai muryar garuruwa ta canja. Da rana sussuka da roron wake, da dare kuwa ganga ke magana. Lokacin ne ake ɗaura auren da aka ɗage tun bazara. Lokacin ne samarin wani gari ke aika wa na wani goron kokawa, makaɗi kuma ya ajiye hauya ya ɗauko gangarsa, don shi ma damina a gona ya yi ta kamar kowa. Wanda ya sauka daga babbar hanyar Yamai zuwa Ƙonni a Dogondutsi, ya miƙa arewa tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba, zai iske Matankari cikin wannan hali, tsohon gari a kwarin Dallol Mawri wanda sarautar Arewa ta yi zamaninta a cikinsa.

Mai karatu na Kano ko Zariya kada ya ɗauka Arewacin Najeriya ake nufi. Arewar da ake magana ƙasar Arawa ce, mutanen nan masu tsage biyu daga gefen baki zuwa kunne, waɗanda Zabarmawa ke kira Mawri. A yau tana cikin jihar Doso ta Nijar, a gundumomin Dogondutsi da Tibiri, ƴan uwanta kuma suna tsallaken iyaka a jihar Kebbi, wajen Kangiwa.

A manyan birane, in aka ce cibiyar fasaha mai zaman kanta, ana nufin gida mai zaure da dandamali da fitilu, wanda ba na hukuma ba, inda masu waƙa da masu wasan kwaikwayo da masu zane ke haɗuwa da jama'ar unguwa. Arewa ta daɗe da irin wannan cibiya, sai dai tata ba ta da bango ko ƙofa. Dandali ne, da ƙofar fada, da filin kokawa, da tsakar gida ranar buki. Wannan cibiya ce ke neman kuɓucewa, kuma a ganina lokaci ya yi da za a yi mata gida wanda mutanen gari za su gina da hannunsu, su riƙe da aljihunsu.

Ƙofofi da yawa

Don a gane yadda wasa ya rayu a nan, sai an duba yadda aka raba iko. Masu tarihin baka suna cewa Gubawa ne suka fara zama, ƙarƙashin Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji, su ne ƴan ƙasa, masu hulɗa da daji da ruwan sama da ƙasar noma. Daga baya wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya zo, aka ba shi mata daga cikinsu, aka haifi Akazama, wanda ƴan sarki ke danganta kansu da shi. Tun daga nan aka samu gida biyu, gidan sarauta da gidan ƙasa, kowanne da hurumin da ɗayan ba ya takawa. Sarautar ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Akwai Sarkin Arewa, akwai Samna a Tibiri, akwai Kona a Dogondutsi, akwai gidajen Takatsaba da Karakara.

Wannan rabo ya yi wa masu fasaha rana. Inda iko ke hannun mutum ɗaya, makaɗi bakinsa ɗaya ne. A Arewa kuwa ƙofofin suna da yawa. Fada tana da masu tambari da algaita. Mahauta suna da masu kalangu. Manoma suna da gangar noma da ke bin gayya kunya-kunya, tana zuga mai ƙarfi, tana tsokanar rago. Maƙera, maharba da ƴan kokawa kowa da makaɗinsa da takensa. Ƴan bori suna da mai goge da masu ƙwarya. Mata kuwa ba su jira kowa ba. Akwai zabiya a gidan buki, akwai shantu a ɗakin amarya, akwai luguden turmi da waƙar niƙa, akwai gaɗar ƴan mata a farin wata, sannan ga tsohuwa da jikokinta da tatsuniya bayan tuwon dare.

Biyan ma a fili yake. Makaɗin manoma damen gero yake karɓa da kaka. Wani a ba shi riga, wani akuya, wani goro da kuɗin liƙi. Wanda ya ji daɗin wasa shi ke biya, nan take, a gaban kowa. Ba takardar neman tallafi, ba jiran sa hannun wani a Yamai. In makaɗi bai iya ba, ba wanda zai kore shi da baki, fili ne kawai zai watse ya bar shi.

Ba na cewa zamanin ba shi da aibi. Sana'ar roƙo gado ce, kuma gadon da ake rainawa. Mutumin da zai yi wa makaɗi kyautar doki ba zai ba shi ƴarsa ba. Yarinyar da ta fi kowa murya a dandali takan yi shiru daga ranar da aka kai ta ɗaki, sau da yawa tun ba ta gama girma ba. Yabo kuma yakan bi mai abin hannu ko da bai cancanta ba. Duk da haka, tsari ne da ya riƙe kansa shekaru aru-aru, ya ratsa yunwa da yaƙi, har ya ratsa shekarar 1899.

A watan Afrilun wannan shekara ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya biyo ta Matankari, ya faɗa wa Lugu, inda Sarauniya Mangu da mutanenta suka tare shi da baka da kibiya. Ayarin ya wuce ya yi ɓarnar da ba a manta ba a Birnin Ƙonni, kafin sojojinsa su kashe jagororin biyu a watan Yuli kusa da Tasawa. A takardar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a 1898, Matankari tana cikin da'irar da aka zana kewaye da Sakkwato, wato rabon Ingilishi. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 ne suka mayar da ita hannun Faransa. Daga baya Nasara ya zaɓi Dogondutsi ta zama mazaunin mulki, hanya da kasuwa da ofisoshi suka bi shi can. Matankari ta rasa bariki, amma tarihi da take da kirari ba su tashi sun bi kwamanda ba.

Da gwamnati ta shigo fili

Canji mafi girma ya zo ne bayan juyin mulkin 15 ga Afrilun 1974. Seyni Kunce, wanda ya karɓi mulki, ya ɗauki tsohuwar samariya, wadda da can ƙungiyar samarin gari ce ƙarƙashin sarkin samari, ya mai da ita ginshiƙin mulkinsa. Kowane ƙauye da unguwa aka kafa samariya. Aka shiga gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jaha, har zuwa bikin matasa na ƙasa baki ɗaya. Aka gina gidajen samariya da gidajen matasa da al'adu. Muryar Sahel da Tele Sahel suka kai muryar ƴan ƙauye inda ba ta taɓa zuwa ba. Ƙungiyar Yazi Dogo ta Damagaram ta nuna cewa teyatur da Hausa zai iya tsayar da ƙasa guda a gaban akwatin talabijin. A 1975 aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. A 1987 aka kafa gasar kiɗa mai sunan Ɗan Gurmu.

Duk wanda ya yi ƙuruciya a wancan zamani yana tuna shi da daɗi, kuma yana da hujja. Yaran talakawa sun hau dandamali, ƴar bafade da ƴar maroƙi sun tsaya sahu ɗaya suna amshi. Amma akwai abin da aka biya. Jigon waƙa daga sama yake saukowa: yaƙi da jahilci, dashen itace, haɗin kan ƙasa, godiya ga shugabanni. Alƙalan gasa ma'aikata ne. Rawar da ake yi dare guda a dandali aka datse ta zuwa ƴan mintoci don ta shiga ma'aunin gasa. Abu mafi tsada shi ne jama'a sun saba da cewa wasa aikin hukuma ne. Mutumin da kakansa ke ba makaɗi dame ya koyi zama a benci yana tafi, yana jiran sufurufe, wato shugaban gunduma, ya ba da kyauta.

Kunce ya rasu a 1987. Babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, samariya kuma, da yake ana ganinta ƴar koren tsohon mulki, ta faɗi tare da shi. Baitulmali ya bushe, aka karya darajar sefa a Janairun 1994. Gidajen matasa da yawa suka koma wurin taron siyasa da na buki. Abin da gwamnati ta ɗauka daga hannun gari ta sake shi, garin kuwa ya riga ya sassauta hannu.

Kokawa ce ta tsira da ƙarfinta, kuma dalilin ya cancanci a dube shi. Gasar takobi tana da kuɗin hukuma, filin kokawar Doso yana ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023. Amma saiwar kokawa ba ta taɓa barin ƙauye ba. Har yanzu gari ne ke gayyatar gari, gari ne ke ciyar da baƙi, ƴan kallo ne ke liƙa wa wanda ya yi kaye. Abin da jama'a ba su daina biya ba bai mutu ba.

Samarin da suka tashi bayan samariya sun yi wa kansu fada, tabarma da butar shayi da rediyo a bakin titi. Sai finafinan Kano suka shigo, waɗanda a Nijar ake ce wa dandalin soyayya, sai kaset ya ba faifai wuri, faifai ya ba waya wuri. A yau ana yin buki da lasifika da waƙar da aka ɗora a waya, a sallami mai kayan sauti da abin da bai kai kuɗin makaɗa biyar ba. Ba laifin samari ba ne. Ɗan makaɗin da ya ga ubansa ya tsufa ba riga ba dame, in ya zaɓi cin rani a Legas ko Kwatano, wa zai ce ya yi wauta? Ga kuma rashin tsaron da ya addabi yankin iyaka a ƴan shekarun nan, wanda ya sa taron dare da tafiyar dare suka zama abin lissafi.

Abin da aka kwasa

Akwai wani abu game da Arewa da ke ci mini rai. Ƙasashen Hausa kaɗan ne aka rubuta, aka ɗauka a hoto, kamar wannan yanki, amma kaɗan ne daga cikin mutanensa suka ga abin da aka ɗauka.

Marc-Henri Piault, Bafaranshe masanin al'umma, ya zauna da tsofaffin Arewa ya tattara tarihinsu, ya buga Histoire Mawri a 1970. Ya yi fim kan mahautan yankin, ya yi wani mai suna Akazama kan naɗin sarauta. Éliane de Latour ta yi fim kan sarauta a ƙasar Mawri, ta sake yin wani a 1993 kan rayuwar matan kulle a gidan wani basarake. Adeline Masquelier, malama a jami'ar Tulane ta Amurka, ta fara zama a Dogondutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta fitar da littafi kan bori a 2001, wani kan mata da farfaɗowar addini a 2009. A Yamai, cibiyar binciken IRSH da cibiyar CELHTO ta adabin baka, wadda aka kafa a 1968, suna ajiye da muryoyin tsofaffin ƙasar nan a faifai. Waɗannan ayyuka ne na ƙwarai, an yi su da wahala da ƙauna. Amma da Faransanci da Ingilishi suke, a ɗakunan karatun da ɗan Matankari ba ya shiga. Akwai dattijo a garin nan da ubansa ko kakansa ke magana a cikin wani faifai, bai taɓa jin muryar ba.

Labarin Sarauniya ya fi kowanne nuna wannan. Abdullahi Mamani ya rubuta littafinsa a kanta a 1980. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. A Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma Sarauniyar da duniya ta gani a majigi ba Hausa take yi ba. Yau sunanta yana kan gidan rediyo da talabijin, yana kan lambar girmamawar da hukumomin Nijar ke bayarwa, Lugu kuma tana cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006. Sunan ya zagaya duniya, ƙauyen yana nan da bukkokinsa da dutsensa Tunguma.

An yi ƙoƙarin maido da wani abu gida. Ƙungiyar Tarbiyya Tatali, mai haɗa ƴan Nijar da abokansu na Faransa, ta fitar da littafin Lougou et Saraouniya, wanda ɗan yankin, Bube Namaiwa, yana cikin marubutansa, kuma an ba mutanen Lugu damar faɗin nasu da bakinsu. Fim ɗin African Apocalypse na 2020, mai bin sawun ayarin Voulet, an juya shi zuwa Hausa, jikokin waɗanda aka yi wa ɓarnar suka kalle shi da harshensu. A shekarun 2000 kuma Dogondutsi ta yi ta karɓar bikin tatsuniya na Gatan-Gatan, wanda ƴan wasa masu zaman kansu suka tsara, masu ba da labari daga ƙasashe daban-daban suka zo suka zauna da yaran lakwal da mutanen gari. Bikin ya tabbatar da cewa tatsuniya tana iya tara manya, ba yara kaɗai ba.

Sai dai biki kwanaki ne. Baƙi su tafi, a naɗe tabarmi, sai baɗi in an samu mai tallafi. Yawancin bukukuwan fasaha na yankinmu da kuɗin ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin waje suke numfashi, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Yanzu ma ƙofar aron ta ƙuntata. Cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta Yamai ta daina aiki a tsohon tsarinta, a Oktoban 2024 aka sa mata sunan Mustafa Alasan. A Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, a cikin watan kuma sabon kundin ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Kowa da ra'ayinsa kan siyasar da ta kawo haka. Abin da ba a musu a kai shi ne, wanda ya ce zai tsaya da ƙafarsa, to waƙarsa da tarihinsa ma shi zai ɗauki nauyinsu.

Maganar da ake kauce wa

Ba a yin zancen wasannin Arewa da gaskiya a tsallake bori. A nan bori ya yi ƙarfin da bai yi ba a yawancin ƙasar Hausa, don Arewa ba ta shiga ƙarƙashin tutar jihadi yadda maƙwabtanta suka shiga ba, Musulunci kuma bai game talakawanta ba sai a ƙarni na 20. Akwai gyara ga wanda iskoki suka kama, akwai wasa da ake yi a fili da goge da ƙwarya, kowace Doguwa da takenta da tufafinta. Wajen 1925 aka ga sababbin iskoki, Babule, masu kwaikwayon soja da kwamandan Nasara. Daga ƙasar Kurfai suka ɓullo suka bazu har Arewa, kuma hukumar mulkin mallaka ta ɗauke su da zafi har ta kama mabiyansu ta ɗaure. Su ne Zabarmawa ke kira Hauka, waɗanda Jean Rouch ya ɗauka a fim a Akara.

Yau Arawa Musulmi ne, masallatai sun cika, wa'azi ya yi ƙarfi, kuma da yawa daga cikin jikokin ƴan bori ba sa son a tuna musu. Ina girmama wannan. Ba wanda ke da ikon ce wa mutum ya koma abin da imaninsa ya hana shi don baƙi su samu abin kallo. Amma akwai bambanci tsakanin bauta da sani. Mai gogen da ya haddace take sama da na kowa a garinsu yana ɗauke da sunayen wurare, da labarin annoba da yunwa, da yadda kakanni suka ga zuwan Nasara. In ya mutu da abinsa, ba addini ne ya ƙaru ba, tarihi ne ya ragu. Malaman Sakkwato da kansu sun rubuta labarin sarakunan da suka yaƙa da al'adun da suka hana, shi ya sa muka san su. Gidan al'adu a Matankari ba zai zama wurin hawan iska ba. Zai iya zama wurin da za a naɗi muryar tsoho da izininsa, a rubuta, a ajiye, ɗalibi ya zo ya saurara. Wannan magana ce da ya kamata a zauna a yi ta da limamai da malaman gari tun kafin a aza tubali, ba bayan an buɗe ƙofa ba. In aka yi ta a ɓoye, ranar da ta fito gidan zai rufe.

Wasu sun gwada

A Wagadugu, Étienne Minoungou ya kafa bikin wasan kwaikwayo na Récréâtrales a 2002. Bayan ƴan shekaru suka kai wasannin cikin unguwar Gungen, inda iyalai ke buɗe tsakar gidajensu a kafa dandamali, ƴan wasa su yi atisaye kusa da murhu da igiyar shanya, matan unguwa su sayar da abinci, samari su koyi aikin fitila da kafinta. Mutanen da ba su taɓa sayen tikitin teyatur ba sun zama masu masaukin teyatur. A Segu ta Mali, Mamou Daffé da abokansa sun fara bikin bakin kogin Kwara a 2005, sannan suka gane biki kaɗai ba ya isa, suka buɗe cibiyar Kôrè a 2011 don aikin ya ci gaba duk shekara. Kusa da gida kuma, a Dandaji ta jihar Tawa, an mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa, aikin da Mariam Isufu Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara, aka gama a 2018 da tubalin ƙasa da hannun maginan yankin. Yaro ya fito daga karatu ya shiga salla, ba wanda ya ce ɗaya ya ci ɗaya.

Na Wagadugu ya fi kama hankalina, don bai fara da gini ba. Mu kuwa mun saba da fara komai da siminti. A 2014, da aka yi bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba a Doso, an yi gine-gine da tituna, birnin ya yi kyau. Amma gini ba ya kiɗa kansa.

Abin da Matankari ke buƙata ƙarami ne a ido. Fili mai katanga da inuwa, ɗaki ɗaya mai sanyi da ƙofa mai kyau inda za a ajiye faifai da littattafai da kayan kiɗa, wutar rana, majigi da lasifika. Sai mutum biyu ko uku da wannan ne aikinsu, ana biyansu. Aikin farko shi ne a rubuta wa IRSH da CELHTO da masu binciken da ke raye da magadan waɗanda suka rasu, a nemi kwafin duk abin da aka ɗauka a Arewa. Yau wannan ba ya buƙatar jirgi, waya ɗaya tana ɗauke shi. A haska finafinan Piault a fili da dare, wani ya tsaya yana fassarawa, tsofaffi su nuna wa yara wane ne wane. Na tabbata daren farko ba za a samu wurin zama ba.

Bayan haka sai koyarwa, kuma a nan ne gidan zai gyara abin da tsohon tsari ya ɓata. Goge da kalangu da gurumi su zama abin da kowane yaro zai iya koya, ko ɗan wane ne, a biya tsohon makaɗi ladan koyarwa kamar yadda ake biyan malamin lakwal. Mata su samu ranarsu da lokacinsu da rana, da shugabancin kansu, don waƙoƙin daka da na reno da na aure suna bakin tsofaffin da ba za su fito taron dare ba. Samarin fada masu waƙar zamani a waya su ma gidansu ne. In aka hana su shiga, an gina gidan tarihi ne kawai, kuma masu furfura kaɗai za su riƙa zuwa. A bar mai rap ya zauna kusa da mai gurumi, su da kansu za su san abin da za su yi da juna. Fulanin da ke kiwo a kwarin, abokan wasan Arawa, a ba su filinsu. Wasan taubasai na Nijar ya shiga kundin UNESCO a 2014, kuma a wannan zamani na zargi tsakanin manomi da makiyayi, filin da Ba'are da Bafillace za su tsokani juna a yi dariya ya wuce nishaɗi.

Saura kuɗi, wanda shi ne ke nuna ko gida mai zaman kansa ne ko da baki kawai. Hukumar gari za ta iya ba da fili, fada ta sa albarka, ma'aikatar al'adu ta taimaka da kaya. Duk a karɓa da godiya. Amma abin da zai biya mai gadi da mai koyarwa kowane wata ya fito daga gari. Mutanen da suka iya gayya da adashi, suka gina masallatai da gudummawar ƴaƴansu na Yamai da Legas da Abijan, ba za a koya musu tara kuɗi ba. Dame ɗaya daga kowane gida da kaka, ɗan abin shiga ranar babban wasa, hayar fili ga masu buki, da alkawarin shekara daga ƴan ƙasar da ke aiki a waje, a rubuta a karanta lissafi a gaban jama'a. Kwamitin ya haɗa gidan sarauta da ƴan ƙasa da malamai da mata da samari da makaɗan kansu, kada ya zama na jam'iyya ko na mutum ɗaya mai kuɗi. Ɗan siyasar da ya kawo gudummawa a gode masa, amma kada a rataya hotonsa a zaure.

Arewa tana da malaman jami'a, da likitoci, da hafsoshi, da manyan ƴan kasuwa, da ƙungiyoyin ƴan asalin gari a kowane babban birni. Gare ku nake magana, ku da sarakunanmu da iyayenmu mata. Tsofaffin da suka san taken kowane gida da sunan kowace rijiya ba su da yawa, kuma kowace shekara ana rage su. Kada a jira gini. A kakar bana a samu gida ɗaya a Matankari da zai buɗe tsakar gidansa, a gayyato tsoho ɗaya mai goge da tsohuwa ɗaya mai tatsuniya, a biya su, a naɗi muryarsu, a tara yara su saurara.